Ɗakin Mayu a Ulaisha

Ni magini ne, ginin ƙasa na gada, kuma shi ya kai ni Riyad. Ana ta gyaran tsohon garin Dir'iyya, ana neman hannun da ya san cuɗa laka da yaɓe, sai wani kamfani ya kwaso mu. A gida kowa ya koma bulo da siminti, magini irina ya zama abin tausayi, sai ga shi na hau jirgi na sauka ƙasar masu kuɗi an miƙo mini laka. Na karɓa na kama aiki, ban yi ƙorafi ba.

A Ulaisha muke zaune, mu tara, a hawa na biyu na wani tsohon bene. Ni na fi kowa daɗewa a gidan, makullansa duk a hannuna suke, har suna tsokanata da Sarkin Gida. A cikinmu akwai wani dattijo daga wajajen Maraɗi, Baba muke ce masa. Shi ke jiƙa mana ƙasa a wurin aiki. Idanunsa kullum jajaye saboda ƙura, ba ya son surutu, kuma shi kaɗai yake cin abincinsa a lungu. Ya taɓa gaya mini dalili: haƙoransa sun zube, kunya yake ji a ga yadda yake mamular gurasa. Ranar da aka tashi neman laifinsa, waɗannan abubuwa uku aka jera.

Amma kafin in faɗi abin da muka yi masa, dole in faɗi abin da na shigo da shi ƙasar nan a cikina, wanda ko a iƙamata, katin zamana a ƙasar, ba a rubuta ba.

A garinmu akwai tsohon gidan yari na zamanin Turawa, bayan kasuwar shanu. En'e ce ta gina shi da umarninsu, da ƙasa da azara, kaurin katangarsa ya isa mutum ya kwanta a kai. Can ƙuryar yamma akwai wani ɗaki da aka ware, ba taga, sai 'yar kafa ɗaya kusa da rufi. Ɗakin mayu ake ce masa, har yau. Kakata ta wajen uwa ta yi damina biyu a cikinsa.

Daddawa take sayarwa, mijinta ya rasu, bakinta kuma ba ya da linzami. Suka yi faɗa da maƙwabciyarta kan magudanar ruwa, bayan sati ɗaya ɗan maƙwabciyar ya kwanta zazzaɓi, cikin magagin ciwo ya kama sunanta. Aka ce ta zo ta tsallake shi ta sakar masa kurwa. Ta ce ba ta kama ba balle ta saki. Yaron ya rasu, gari ya taso da sanduna, dagaci ya tura ta wurin hakimi, 'yan doka suka tasa ta gaba har gidan yari. Mahaifiyata tana 'yar shekara tara ko goma lokacin, ita ke kai mata abinci don kada ta rayu da gabzar gidan yari kaɗai. Gandurobobi ba sa karɓar kwano daga hannunta. Sai ta ajiye a ƙasa ta ja da baya, su jawo shi da sanda.

Mahaifiyata ta ce wata rana Di'o, Baturen mulki, ya zo duba fursunoni. Ya leƙa ɗakin da hankici a hanci, ya tambayi tafinta laifin wannan mata. Yari ya ce mayya ce. Baturen ya ce babu wannan laifi a littafinsu. Mahaifiyata tana bakin ƙofa ta ji, zuciyarta ta yi fari, ta ɗauka yau za su koma gida tare. Sai aka gyara rubutun ya koma tayar da hankalin gari, Bature ya sa hannu ya hau motarsa. Wannan mutumin na fi tsana a duk labarin. Mutanen gari aƙalla sun yarda da abin da suke faɗa. Shi ya san ƙarya ce, ya bar ta a mari don gari ya yi masa shiru.

Kakata ta fito tana jan ƙafa, ƙarfe ya cinye mata idon sawu. Tun da kuma an ce maita a nono ake sha, abin bai tsaya a kanta ba, ya gangaro kan uwata, ya gangaro kaina. Ina yaro in na bi ta layi sai in ji yara suna cewa, “Kurwata kur, ka ci kanka ka sha baƙin ruwa.” Har mahaifina ya gaji ya kwashe mu muka bar garin. Na koma sau ɗaya ina saurayi, an ɗauke mu gyaran katangar gidan yarin bayan an mai da shi ma'ajiyar taki. Na shiga ɗakin, na ga zoben ƙarfe a kafe a ƙasa, na fito na ci gaba da yaɓe ban ce wa kowa komai ba. Surukaina har yau ba su san wannan labari ba.

To, a gidanmu na Ulaisha akwai wasu 'yan'uwa biyu, wa da ƙani. Ƙanin direban tifa ne, wan kuma mai walda, ƙato mai murya, irin mutumin da in ya fara magana ba ya jin ta kowa. A tsakiyar zafi, ranar wata Laraba, direban ya dawo da ciwon kai da zazzaɓi. Alhamis abin ya yi tsanani, ya yi ta amai. Baba ne ya zauna a kansa, yana jiƙa tawul yana shafa masa, ya dafa masa shayi da citta da kanumfari yana ba shi da cokali. Sauranmu sannu kawai muke yi mu wuce.

Ranar Juma'a da hantsi, duk muna gida ba aiki, direban ya fara sambatu. Ya ce an danne masa ƙirji. Wansa ya durƙusa a kansa yana girgiza shi yana tambaya, “Wa ya danne ka? Faɗa mini, wane ne?” Mara lafiya ya buɗe ido. Fuskar da ke kansa kwana biyu ita ya gani, ya ɗaga yatsa ya nuna Baba.

Na ga yadda mutane suka riƙa ja da baya, kowa yana tofa addu'a a cikin rigarsa. Wani ya ce dama shi tun farko bai yarda da idon nan ba, da rashin maganar nan tasa. Wani ya ce mutumin da ba ya cin abinci da jama'a, me yake ci? Shayin ma aka jawo shi cikin hujja, wai ta nan ya bi. Maza ne masu gemu, wasu sun yi Umara sau uku, kowa da babbar waya a hannu.

Na ce a kai shi asibiti. Iyakar abin da na iya faɗa ke nan, shi ma a hankali na faɗe shi.

“Sarkin Gida, so kake a kashe mini ƙani?” in ji mai walda. “Wanda maye ya kama, allura ta taɓa shi ya tafi ke nan. Ba mustashfa ba komai sai an sake shi tukuna.” Ya juya kan Baba. “Tashi ka tuɓe ka tsallake shi sau uku. Halas, magana ta ƙare.”

Baba yana nan zaune da jiƙaƙƙen tawul a hannu. Ya ce, “Ni ban kama kowa ba, mi zan saki? Kwana biyu ina wahala da yaron ga, abin da kunka gani ke nan?”

“Ka san hukuncin mai sihiri a ƙasar nan,” mai walda ya ce. “Kira ɗaya zan yi wa shurɗa, 'yan sanda su zo su tafi da kai.”

Duk wanda ya zauna a ƙasar ya san wannan ba barazanar wasa ba ce, domin hukuncin yana kaiwa ga kisa, ga tsoho baƙo da Larabcinsa bai wuce na gaisuwa da sayen burodi a kantin baƙala ba. Kuma na san irin tarkon da aka ɗana masa, gaba kura baya siyaki. In ya tsallaka mara lafiya ya warke, ya tabbata maye. In ya ƙi kuma yaron ya mutu, shi ya cinye shi. Sunansa ne a kan faifai, sunan da zai koma da shi gida wurin 'ya'ya da jikoki. Baba ya sake cewa ba zai yi ba.

Sai wani ya kawo shawarar a kai shi ɗakin sama a kulle, har hankalinsa ya dawo. A saman benen akwai wani ɗakin ajiya kusa da tankin ruwa, bulo ne da rufin kwano, ba taga ba fanka, tsofaffin katifu muke zubawa a ciki. Gaba ɗaya suka juyo suna kallona, domin makullin yana wurina.

Na sha maimaita wannan lokaci a raina, kuma ba na so in yi wa kaina ado. Ba wanda ya riƙe ni, ba wanda ya ɗaga mini hannu. Da na ce makullin ya ɓata, da sun yarda. Da na ce ba za a yi wannan a gidan da nake ba, rabinsu da sun ji kunya sun janye, don sun san girmana. Abin da ya zo mini shi ne, in na tsaya masa, wani zai tambaya me ya haɗa Sarkin Gida da maye. Akwai mutum biyu a wurin aikinmu da suka fito daga yankinmu, tambaya ɗaya a waya ta isa a tono kakata. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na sa hannu a aljihu na ciro makullin.

Ni na hau gaba a matakala, Baba a tsakiya, su a baya. Da na buɗe ƙofar wani hucin zafi ya bugo ni kamar an buɗe tanda. Ya shiga da kansa, bai yi gardama ba. Abu ɗaya ya roƙa, ya ce in kawo masa buta. Na sauka na ɗauko na miƙa masa, na jawo ƙofa na murɗa makulli sau biyu.

Sannan muka yi wanka, muka sa fararen kaya, muka fesa turare, muka tafi masallacin Juma'a. Wannan ne ke ƙona mini rai fiye da komai. Muka bar mutum ɗaya yana gadin mara lafiya, muka bar wani a tanda, muka je muka jeru a sahu cikin sanyin na'ura, kafaɗa da kafaɗa. Duk sujadar da na yi sai makullin ya soke ni a cinya. Ban san abin da liman ya faɗa a huɗuba ba. Mun hana tsoho Juma'arsa, mun dawo muna yi wa juna barka da Juma'a, har aka sayo shinkafar kabsa aka baje a faranti aka ci.

Wajen ƙarfe biyu na kasa daurewa, na ɗauki gorar ruwan sanyi na hau. Mai walda ya biyo ni. Muka tarar da Baba a kwance, ya manna fuskarsa a ƙasan ƙofa inda 'yar iska ke shigowa. Butar ba ko ɗigo. Leɓensa ya bushe ya yi fari, rigarsa kamar an tsoma ta a ruwa. Na tallafo kansa na ba shi ya sha. Mai walda yana tsaye a kanmu ya ce, “Ka shirya ko a sake rufewa?”

Baba ya dube shi, ya dube ni. Ina jin jira yake in ce wani abu. Ban ce ba. Ya ce, “Ku kai ni in yi.”

A falo aka shimfiɗa direban. Suka sa Baba ya tuɓe riga da dogon wando, suka bar masa gajere, wai sun yi masa adalci saboda shekarunsa. Ban taɓa sanin ya rame haka ba sai ranar. Ya ɗaga ƙafa ɗaya da ƙyar ya tsallaka, ya juyo ya sake, a na uku ya yi tuntuɓe da katifa ya dafa bango. Ba wanda ya tare shi, kowa na tsoron taɓa shi. Ɗaya daga cikinmu kuwa ya ɗaga waya yana ɗauka tun daga farko har ƙarshe, ina gani, shi ma ban hana ba.

Da aka gama sai muryata ta dawo, ta jarumtar banza. Na daka tsawa na ce yanzu sai asibiti. Mai walda ya yarda nan take, tun da an saki kurwa allura ba za ta yi illa ba. Muka tare mota muka kai shi. Likita ya ce taifot ne ya haɗu da bugun rana, ruwan jikinsa ya kusa ƙarewa, ya yi mana faɗa sosai kan jinkirin da muka yi. Aka ɗaura masa ruwa. Kwana huɗu ya tashi ya zauna yana neman shinkafa.

Na dawo gida da maganar likita a bakina, na ɗauka ita za ta wanke Baba. Suka yi mini dariya. Mai walda ya ce, “Kwana biyu yana kwance bai motsa ba, aka tsallake shi ya tashi. Sarkin Gida, ido ba mudu ba ne amma ya san kima.” Ruwan da aka ɗaura da allurar da aka yi duk ba su shiga lissafinsu ba. Direban kansa ya ce bai tuna ya nuna kowa ba, amma tun da yayansa ya faɗa, haka ne. Mutumin da ya yi kwana biyu yana shan shayi daga cokalin tsohon nan, ko sannu bai ce masa ba.

Daga nan aka ware wa Baba kofinsa da farantinsa. Aka janye katifu daga kusa da tasa. Da kunnena na ji ƙato mai 'ya'ya huɗu yana cewa kurwata kur a ƙasan maƙoshi da Baba ya gifta zai shiga banɗaki. A wurin aiki, 'yan ƙasarsu ma suka daina zama inuwa ɗaya da shi, domin hoton ya zaga wayoyi. Kafin sati biyu ya isa ƙauyensu. Na ji shi yana waya da babban ɗansa a matakala, yana ta cewa, “Ƙarya ta, wallahi ƙarya ta,” daga baya ya koma saurare kawai. Kashegari ya je wurin mudir, shugaban wurin aikinmu, ya ce a yi masa huruj, takardar barin ƙasa, ya gama zama. Shekara bakwai yana jiƙa ƙasa a ƙasar nan ba a taɓa jin kansa da kowa ba.

Ranar tafiyarsa ba wanda ya fito rakiya. Ni na ɗauki hutun rabin yini na ɗaukar masa jaka zuwa filin jirgin sama. Tafiya ce mai ɗan nisa zuwa arewacin gari. Muka zauna a kan kujerun ƙarfe muna jiran a fara awon kaya. Ya ɓare dabino ya miƙo mini ɗaya, na karɓa na ci da sauri don ya ga ni ba na gudunsa. Har da wannan ina ganin kamar wani abin kirki na yi.

Sai na ba shi labarin duka. Na faɗa masa gidan yarin garinmu, da ɗakin ƙuryar yamma, da kwanon da ake jawowa da sanda, da Baturen da ya sa hannu. Na ce masa in da gaske maita a nono take, to ni ne mayen gidanmu, ba shi ba. Ban taɓa faɗa wa wani mahaluki wannan ba a ƙasar nan. Ina faɗa ina jin nauyi na sauka daga ƙirjina, kuma in faɗi gaskiya, so nake ya dafa kafaɗata ya ce mu biyun duk abu ɗaya ya same mu.

Ya saurara har na gama, yana juya ƙwallon dabino a hannu. Sannan ya ce, “Ashe kai ka san ƙarya ta.”

Na ce, “Na sani, Baba.”

“Lokacin da kak kulle ƙohwa, ka sani?”

Na ce na sani.

Aka fara kiran masu tafiya, mutane suka miƙe suna jan kaya. Ya ce, “Su na yahe musu tun ran nan. Tsoro sunka ji, sun ɗauka ɗan'uwansu za ni ci. Kai ma cikinsu na sa ka, na yahe maka tare da su.” Ya miƙe, ya jawo jakarsa daga gabana. “Amma yanzu da ka hwaɗa mini, naka laihin ka bar shi tukuna, ban yahe ba.”

Na miƙa masa hannu. Ya mai da jakar hannun dama, ya shiga layi, bai waiwayo ba.